Aikin Hannu a Gida: Hatimin Silifa da Tawadar Bagaruwa

 Mun daɗe da yin alkawari za mu ba da labarin katunan gaisuwa da muka yi tare da yaran makarantarmu a Kirsimatin 2024. To, ga labarin, da daɗinsa da ɗacinsa. Wanda yake so ya gwada a gidansa, ko a ajin makarantar Lahadi, zai sami ma'auni duka a ciki. Amma muna roƙonsa ya karanta har ƙarshe kafin ya ɗora tukunya, gama mu da muka fara ba tare da tambaya ba mun yi hasarar kwali mai yawa.

Makarantarmu ta ekklisiya tana kusa da unguwar masana'antu ta Challawa, kudu maso yamma da birnin Kano, cikin ƙaramar hukumar Kumbotso. Iyayen yawancin yaran ma'aikata ne a kamfanonin jima, ko masu gadi, ko direbobi, ko kuwa waɗanda a da suna da aiki, yanzu babu. Duk wanda ya san Challawa da Sharada da Bompai ya san kamfanoni da yawa sun rufe ƙofa tun daga zamanin tsuke bakin aljihu na 1986, ga kuma wahalar wutar lantarki. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da muka duba littafi a watan Nuwamba muka ga yara huɗu 'yan aji shida ba a biya musu kuɗin rajistar jarrabawa ba, ba kuwa alamar za a biya.

Zumuntar mata kuwa kowace shekara takan aika a sayo katuna a Sabon Gari, domin a kai wa gwauraye, da marasa lafiya a asibiti, da 'yan kurkuku. Katunan nan mun san su. Dusar ƙanƙara a bisa rufin gida, da wani tsoho mai jar riga, da gaisuwa cikin Turanci wadda tsohuwar da aka kai wa ba za ta iya karantawa ba. Sai muka je wurin uwar zumunta muka ce a ba mu kuɗin katunan bana, mu da yara za mu yi guda 150 da Hausa, abin da ya rage kuma a biya wa yaran nan huɗu. Ta dube mu ta ce, "Malam, ka taɓa yi?" Muka ce, "Mama, ba mu taɓa ba, amma ai abu ne mai sauƙi." Ta ba da rabin kuɗin nan take. Washegari muka sayo kwali da shi. Watau tun ba mu buga kati ko ɗaya ba, mun riga mun ci kuɗin mata.

Muka fara da hatimi. Dankali kowa ya san shi, da shi aka koya mana muna yara, amma yana tsatsafo da ruwa, ya tsinka tawada, kafin gari ya waye kuma ya yanƙwane. Muka gwada sakaina. A ƙasar Gana, a garin Ntonso kusa da Kumasi, da ɓallin ƙwarya ake sassaƙa hatiman da ake buga zanen adinkira, sun kuwa ƙware ƙwarai. Amma sakaina tana da tauri ga hannun yaro, tana da lanƙwasa kuma, sai an juya ta a bisa takarda, takarda kuwa ba ta da haƙurin zane. Abin da ya fi mana duka shi ne tsohon silifa. Gindinsa mai laushi ne, reza tana shiga ba wuya, ba kuma gidan da ba a rasa wanda ya tsinke. A wanke shi da sabulu, a yanki inda bai cinye ba, a manna shi da gam a jikin ɗan katako domin a sami abin riƙewa.

Tauraro, da komin dabbobi, da tunkiya, da itacen dabino, duk waɗannan ba su ba mu wahala ba. Rubutu ne ya kunyata mu. Kowane malami ya san hatimi a juye ake yanka shi, mu ma mun sani. Muka zauna da daddare muka juya kowane harafi ɗaya ɗaya, da kula ƙwarai, amma muka jera su daga hagu zuwa dama yadda muka saba a allo. Da safe muka buga a gaban aji. Maimakon BARKA, sai ga AKRAB. Yara suka fashe da dariya, sun kuwa yi gaskiya.

A cikin ajin akwai wani yaro wanda ya daɗe yana damunmu. Shekararsa goma sha biyu, har yanzu yakan rubuta b a wurin d, ya juya S ta dubi baya. Mun yi masa faɗa ba sau ɗaya ba, muna tsammani rashin kula ne. Shi ne ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ba ni in yanka." Ya ɗauki biro ya rubuta gaisuwar duka a jikin silifa daga dama zuwa hagu, ba madubi, ba gogewa, har da lanƙwasar ƙ a inda ya kamata. Tun daga ran nan shi ne shugaban masu yanka. Ba mu ce karatunsa ya gyaru ba, bai gyaru ba tukuna. Amma mun bar yi masa tsawa, mun kuma shawarci mahaifinsa kada ya ƙara dūkansa a kan wannan. Ga waɗanda ba su da irin idonsa, dabarar ita ce a rubuta kalma da fensir mai laushi a takarda, a kifa takardar a bisa silifa, a goga bayanta da cokali. Rubutun zai koma jikin roba a juye, sai a bi shi da reza.

Sai batun tawada. Ta ofis da ake sayarwa cikin ɗan kwalba tana da tsada, launinta kuma yakan sa kati ya yi kama da rasit. Muka sayo tawadar allo wurin maƙwabtanmu, irin ta baƙin tukunya da ƙaro. Tana da baƙi mai kyau, amma an yi ta ne domin a wanke, saboda haka da yatsa mai gumi ya taɓa kati sai ta shafe. Muna cikin wannan sai muka ce wa yara kowa ya tambaya a gida ko akwai abin da ke ba da launi. A nan ne muka yi kuskure mafi girma, gama ba mu faɗa musu inda ba za su je ba.

Ran Litinin wata yarinya 'yar aji biyar ta zo da kwalba biyu, tana murna. Ɗaya ruwa ne mai shuɗi-shuɗi, ɗaya kuma ja ne mai duhu. Ta ce a lambatu ta ɗebo, bayan katangar wani kamfani, ba a biyan ko kwabo. Hannunta ya riga ya yi ja yana ƙaiƙayi. Muka wanke mata da ruwa mai yawa da sabulu, muka kai ta ɗakin shan magani, Allah kuwa ya taimake mu abin bai yi nisa ba. Iyaye, ku ji wannan da kyau. Jimar zamani ba irin ta kakanninmu ba ce. Ana cire gashin fata da farar ƙasa da wani magani mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, sa'an nan a jeme ta da gishirin wani ƙarfe da ake kira kuromiyam. Shi ne yake sa ɗanyar fatar kamfani ta yi shuɗi-shuɗi. Ruwan da ke fitowa yana iya ƙona fata, yana kuma da lahani idan ya shiga ciki. An sha yin bincike a kan yadda dagwalon Challawa da na Sharada suke gangarawa zuwa kogin Challawa, na Bompai kuma zuwa Jakara. Kome kyan launinsa, kada yaro ya sa hannu a ciki, kada kuma a wanke kome da shi. Laifin ba na yarinyar ba ne, namu ne da muka aike ta.

Kakanta ne ya fid da mu. Tsoho ne Musulmi ta wajen uwa, ya yi jima irin ta gargajiya a cikin birni tun yana saurayi, daga baya ya yi aikin kamfani har ƙarfinsa ya ƙare. Ya zo makaranta ne domin ya ji wane malami ne ya aiki jikarsa lambatu. Muka ba shi haƙuri, muka nuna masa abin da muke nema. Da ya ga hatiminmu na fari ya sa aka karanta masa, sai ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Malam, ai kunama ke nan da Larabci. Kunama za ka aika wa marasa lafiya?" Da ya huce sai ya ce, "In baƙi kake so wanda ba ya wankuwa, ga bagaruwa a bayan makarantarku tana zubewa a banza. Bagaruwa da ƙarfe, shi ke nan." Muka ce, "Baba, yaya ake yi?" Ya ce haka dukawa suke baƙanta fata. Fatar da aka jema da bagaruwa, in aka shafa mata ruwan da ƙarfe ya jiƙu a ciki, wanda suke kira kuloko, nan da nan sai ta koma baƙa. Ja kuma daga karan dafi suke samu.

Da muka koma gida muka duba littattafanmu, ashe abin da tsohon nan ya faɗa shi ne asirin tawadar da duniya ta yi rubutu da ita fiye da shekara dubu. A cikin 'ya'yan bagaruwa akwai wani abu mai bauri, shi ne yake jeme fata. Idan ya gamu da narkakken ƙarfe, iska kuma ta buga su, sai su zama baƙin abu wanda ruwa ba ya narkar da shi, ya kama cikin zaren takarda. A Turai daga wani ƙullutu da ke fitowa a jikin itacen oak suke samun abin baurin nan, su haɗa da gishirin ƙarfe da ƙaro. Ɗaya daga cikin tsofaffin kofe na Littafi Mai Tsarki da suka rage a duniya, wanda aka samo a gidan sufaye na gindin Dutsen Sina'i, an rubuta shi da Helenanci a tsakiyar ƙarni na 4, a bisa fata, da tawada irin wannan. Mafi yawansa yana babban ɗakin karatu na London, ana kuwa iya karanta shi har yau. Fatar jar akuya ta ƙasar Hausa kuma, wadda fatake suka riƙa ƙetare hamada da ita har Turawa suka sa mata sunan Maroko, da bagaruwan nan aka jeme ta. Mun koya wa yara tarihin cinikin hamada shekara da shekaru, ba mu taɓa ɗaga ido mun dubi itacen da ke inuwar filin wasanmu ba.

Sani dabam, iyawa dabam. Gwajinmu na fari muka haɗa ruwan bagaruwa da ruwan ƙarfe a kwano ɗaya. Ya yi baƙi nan take, yara suka yi tafi. Amma tsararo ne, da aka buga sai ya bazu cikin kwali kamar an zub da shayi, tunkiya ta koma gajimare. Muka ce bari mu kaurara ruwan ƙarfen da ƙaro. Ruwan ya riga ya kwana biyar ya yi ja, da ƙaro ya shiga sai ya guda kamar madarar da ta lalace. Muka sāke, muka buga hatimi da ruwan bagaruwa, bayan ya bushe muka shafa ruwan ƙarfe a kai da soso. Hoton ya yi baƙi, amma soso ya ja shi gefe guda, tauraro ya yi wutsiya. A mako guda kwali arba'in suka tafi. Muka ƙidaya abin da ya rage, muka ga idan muka ƙara ɓata talatin ba za mu cika alkawari ba, ba kuwa kuɗin sayen wani. Daren nan ba mu yi barci sosai ba. Uwargida ta ce mu koma mu gaya wa uwar zumunta gaskiya tun da sauran lokaci. Muka ce a ba mu kwana uku.

Abin da ya warware matsalar shi ne juya tsarin. Tun da abu biyu ne suke haɗuwa su haifi baƙi, ba lalle ne su haɗu a kwano ba, suna iya haɗuwa a cikin takardar kanta. Ƙarfe ya riga shiga kwali ya bushe, bagaruwa mai ƙaro ta zo bisa hatimi ta same shi. Ga yadda muka yi, ga kuma ma'aunin da ya yi mana daidai.

Ruwan ƙarfe tukuna, gama shi ne mai cin lokaci. A sami ƙusoshi masu tsatsa cike da tafin hannu, ko soson ƙarfe na wanke tukunya guda ɗaya, a wanke masa sabulu da maiƙo sarai. A zuba cikin kwalba mai faɗin baki, a ƙara ruwan tsami na kanti, wanda ake kira binega, gwangwanin madara biyu. Kada a ɗaure murfin kwalbar, a ɗora shi kawai, domin akwai iskar da ke tasowa, in ba ta sami hanya ba kwalba tana iya fashewa. Bayan kwana uku a tace da ƙyalle. Wanda ba shi da binega yana iya amfani da ruwan tsamin gasara, mun gwada ya yi, sai dai ya ɗauki mako guda, baƙinsa kuma bai kai ba. Sa'ad da za a yi aiki a ɗebi cokali ɗaya a sirka da ruwa cokali biyar. Kada a ce yawa ne kyau. Ƙarfe in ya yi yawa yakan sa kwali ya yi ja kamar tsatsa, a kwana a tashi kuma yana cin takarda. Masu kula da tsofaffin littattafai sun san wannan ciwo, gama akwai takardun da tawadar nan ta huda su daidai inda alƙalami ya bi.

Sa'an nan bagaruwa. A tsinto busassun 'ya'yan, cike da hannu biyu, a daka sama-sama a fid da ƙwayar. A zuba ruwa kwalba ɗaya, a tafasa har ya koma rabi. Tukunyar ƙasa ko ta tasa za a sa, ban da ta baƙin ƙarfe, in ba haka ba tawadar za ta yi baƙi tun tana wuta. Haka nan ruwan wata rijiya ko na wani burtsatse yana da ƙarfe a cikinsa. Na makarantarmu haka yake, sai da muka koma ga ruwan leda. A tace sau biyu, domin ɗan gari kaɗan ya isa ya ɓata bakin harafi. A kowane gwangwanin madara na ruwan bagaruwa a jiƙa dakakken ƙaro babban cokali ɗaya, a bar shi ya kwana. Kaurin da ake nema shi ne kamar na koko mai ruwa-ruwa, wanda zai bi cokali ya sauka a hankali.

Ranar bugu, a shafa wa fuskar kwali ruwan ƙarfe da tsumma, shafa ɗaya, ba a komawa. Kwali mara sheƙi ake so, gama mai sheƙi ba ya shan ruwa. A shanya a inuwa, in ya sha iska a jera a danne da littattafai don kada ya lanƙwashe. A buga a ranar, ko washegari. Wanda muka bari ya kwana huɗu ya yi rawaya, baƙinsa kuma ya fito toka-toka. A ninka tsohon ƙyalle mai laushi sau huɗu a cikin murfin gwangwani, a jiƙa shi da ruwan bagaruwa, ya jiƙu amma kada ya yi tafki. A shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙarƙashin kwali domin ya sami taushi. A dangwala hatimi sau biyu ko uku, a ɗora, a danna da tafin hannu a ƙidaya biyar, a ɗaga sak, ba a murzawa.

Akwai abu biyu da za su ba mai koyo haushi. Na ɗaya, roba ba ta son ruwa. Sabon yankan silifa yakan tattara tawada ɗigo-ɗigo, hoto ya fito da zanzana. Maganinsa a goge fuskar hatimin da toka ko lallausan yashi har santsin ya tafi. Wannan tsohuwar matsala ce. Gutenberg, wanda ya buga Littafi Mai Tsarki a birnin Mainz na Jamus wajen 1455, ya tarar tawadar marubuta ba ta kama harufan ƙarfe, sai da ya haɗa tasa da mai. Na biyu shi ne hunturu. A watan Disamba a Kano, in ka dangwala hatimi ka tsaya amsa tambayar yaro, kafin ka juyo ya bushe. Sai muka mai da aikin da sassafe, a rufe tagogi, a ajiye jiƙaƙƙen tsumma a gefe ana kifa hatimi a kai. Duk bayan bugu goma a wanke hatimin, domin ƙarfen da yake kwasowa daga kwali yana komawa cikin ƙyallen tawada ya baƙanta shi.

Amma fa abin kallo ne. Sa'ad da aka ɗaga hatimi ba a ganin kome sai ɗan danshi mai ruwan ƙasa. Sai ya soma yin toka, ya yi shuɗi-baƙi, kafin a gama buga na gaba ya zama baƙi ƙirin. Yaran aji ɗaya sukan taru a taga suna jira. Wani ya ce dabo ne, muka tsai da aiki muka yi musu darasin kimiyya na minti goma, wanda muna tsammani ya fi shiga kansu bisa duk wanda muka yi a zangon nan. Da katin fari ya bushe muka ɗiga masa ruwa da gangan. Ƙaron ya ɗan yi laushi, amma tauraro bai motsa ba.

Yatsunmu duka suka yi baƙi, har farce. Uwargida ta ce a shafa lemun tsami, ya kuwa fita, gama tsaminsa yana janye ƙarfen daga bagaruwa. Garin wankewa sai ɗigo ɗaya ya faɗa bisa wani kati da ya lalace ya yi baƙi duka, wurin ya yi haske kamar wata. Daga nan muka sami dabara ta biyu. A shafe kwali da ruwan ƙarfe, ya bushe, a bi shi da ruwan bagaruwa duka ya zama dare, sa'an nan a buga tauraro da ruwan lemun tsami. Yakan fito fari-fari mai ɗan rawaya. Gaskiya wannan ya fi na farko kyau, amma ya fi wuya nesa. Ruwan lemun yana ci gaba da yaɗuwa bayan an ɗaga hatimi, sai an danne shi da busasshen ƙyalle da sauri. Cikin ashirin da muka gwada a bisa ɓatattun kwalayen nan, goma sha ɗaya ne suka yi kyau. Ba mu ba da shawara a fara da shi ba. Amma ta wurinsa kwali goma sha ɗaya da muka ɗauka sun mutu suka komo.

A kula da ƙanana. Ruwan ƙarfe guba ne ga yaro idan ya sha, a cikin kwalba kuwa yana kama da shayi. A rubuta masa suna, a ajiye shi a sama. Reza kuma sai 'yan aji biyar da shida, a naɗe gefenta ɗaya da tsumma ko salatif, a riƙa yanka ana nesa da yatsa. Mun sami yanka biyu duk da haka, ɗaya a hannun malami.

An ce katin Kirsimati na fari da aka buga don sayarwa wani Bature ne mai suna Henry Cole ya sa aka yi a London a 1843, guda dubu, kowanne sule ɗaya, da hannu kuma aka shafa musu launi. Mun gaya wa yara wannan domin su san ba a fara da inji mai ƙyalƙyali ba. A cikin katunanmu ba biyu da suka yi daidai da juna. Waɗansu tumakin suna da ƙafa uku. Mun yi gardama da wata malama a kan ko za a fid da waɗannan, ita tana cewa abin da za a kai wa mutane a sunan ekklisiya ya kamata ya zama marar aibi. Ba mu ƙi ta tata ba, mun fid da duk wanda rubutunsa bai karantu ba. Amma tunkiya mai ƙafa uku mun bar ta. A cikin kowane kati yaron da ya buga ya rubuta gaisuwa da hannunsa, ya sa ajinsa. Manzo Bulus ma, ko da yake wani ne yakan rubuta masa wasiƙa, yakan karɓi alƙalami a ƙarshe ya sa gaisuwa da nasa hannu.

Ran 18 ga Disamba muka kai wa uwar zumunta kati 138. Sha biyu suka kasa, muka faɗa mata dalili, ba mu ɓoye arba'in ɗin nan ba. Ta juya su ɗaya ɗaya, ta ware baƙaƙen nan masu tauraro ta ce na 'yan kurkuku ne. Ta cire kuɗin sha biyu, ta biya sauran. Da aka fid da kuɗin kwali da gam da binega, abin da ya rage ya biya wa yara uku cif, na huɗun kuma ya kai rabi. Malamai muka yi karo-karo muka cika.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka rage a hannunmu, mai itacen dabino ba rubutu, muka kai wa tsohon majemin nan, da ɗan goro. Ya riƙe shi nesa da ido, ya lasa yatsa ya goga a kai ya ga bai fita ba. Ya ce ƙarfen ya ɗan yi yawa, badi mu rage. Ya ce kuma in muna son ja, mu tanadi karan dafi tun da kaka, shi zai zo ya nuna wa yara yadda ake fid da shi.